Wa Ya Aika, Wa Ya Tafi, Wa Ya Rayu? Yaƙi, Ta'addanci da Sadaukar da Kai a Ƙagaggun Labarai





Gabatarwa

An ɗora mini nauyin yin magana a kan jigogi uku da suka daɗe suna shan tawadar marubuta a duniya, wato yaƙi da ta'addanci da sadaukar da kai. Ukun nan ba sa rabuwa, domin ba a taɓa tara runduna da gaya wa samari cewa za su je su mutu a banza ba. Sarki mai son faɗaɗa ƙasa, da gwamnati mai tsaron iyakarta, da madugun 'yan ta'adda a ƙungurmin daji, kowannensu yana gaya wa yaran da ya tara cewa jinin da za su zubar sadaukarwa ce. Wani gaskiya yake faɗi, wani kuma ƙarya yake yi da gangan. Saurayin da ke tsaye a gabansu, jini na tafasa, ba shi da ma'aunin da zai rarrabe.

Abin da nake so in tabbatar a yau shi ne, babban aikin ƙagaggen labari a wannan fage shi ne ya ba mai karatu wannan ma'auni. Jarida tana kawo mana adadin waɗanda suka mutu. Littafin tarihi yana kawo dalilai da ranaku. Ƙagaggen labari kuwa zaunar da mu yake yi a cikin zuciyar mutum ɗaya, mu kwana da shi, mu tashi da shi, har ranar da abin ya same shi. Duk littafin kirki da na karanta a kan wannan batu, na tarar yana tilasta wa mai karatu tambayoyi uku. Wa ya aika? Wa ya tafi, kuma da saninsa da yardarsa ya tafi? Wa ya rayu saboda wannan mutuwa?

Yaƙi: daga kirari zuwa gawa

Bari mu fara daga gida. A cikin littattafan da gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara. Ganɗoki jarumi ne irin na da, mai kirari da takobi, wanda ya gwabza da Turawa a lokacin da suke cin ƙasar nan, har zuwa Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama a 1903. Littafin yana da daɗin karatu, kuma ya adana mana wani abu na alfaharin mutanen da aka ci da yaƙi ba tare da sun miƙa wuya ba. Amma yaƙi a cikinsa fagen nuna bajinta ne. Maza suna faɗuwa, labari yana wucewa, ba a tsayawa a tambayi uwar wanda ya faɗi. Haka adabin jarumta yake a ko'ina, ba a ƙasar Hausa kaɗai ba.

Yaƙin duniya na farko ne ya sauya wannan salo a Turai. Erich Maria Remarque, Bajamushe da ya je fagen daga aka ji masa rauni, ya fitar da All Quiet on the Western Front a 1929. Tauraron labarin, Paul, ɗalibi ne da malaminsu Kantorek ya cika su da huɗubar kishin ƙasa, har ajin ya tashi ya shiga soja. Malamin bai bi su ba a lokacin. A wani dare Paul ya faɗa ramin da bam ya haƙa, wani sojan Faransa ya faɗo masa, shi kuwa ya soke shi da wuƙa. Ruwan harsashi ya hana shi fita, sai ya zauna da mutumin yana kakarin mutuwa na tsawon sa'o'i. Da rai ya fita, ya buɗe jakar aljihunsa, ya ga hoton matarsa da 'yarsa, ya ga sunansa, ya ga sana'arsa ta haɗa baƙaƙe a maɗaba'a. Abokin gaba ya koma mutum mai iyali. Shi kansa Paul an kashe shi a watan Oktoba na 1918, saura wata guda a tsagaita wuta, a ranar da rahoton soja bai ga wani abin faɗi ba. Ba mamaki da 'yan Nazi suka ƙona littafin a 1933. Mai shirin tara wata sabuwar runduna ba zai so samari su karanta shi ba.

A nan Nijeriya, yaƙin basasar Biyafara da aka yi daga watan Yuli na 1967 zuwa Janairun 1970 ya haifar da littattafai masu yawa. A cikin Sozaboy na Ken Saro-Wiwa, wanda ya fito a 1985, Mene yaron mota ne daga ƙauyen Dukana. Kakin soja ne ya ba shi sha'awa, da son ya burge amaryarsa Agnes. Bai san dalilin yaƙin ba, har ta kai shi ga yi wa ɓangarori biyun aiki. Da ya dawo gida ya tarar bam ya kashe mahaifiyarsa da matarsa, mutanen garin kuma suna gudunsa, sun ɗauka fatalwa ce. A tambayi labarin Mene, wa ya rayu saboda wahalarsa? Babu kowa.

Chimamanda Ngozi Adichie kuwa, a Half of a Yellow Sun na 2006, ta taɓo mu kai tsaye. Ta kawo kashe-kashen da aka yi wa Inyamurai a Kano a 1966. A cikin gari ɗaya ta nuna Abdulmalik, aminin kawun Olanna, tauraruwar labarin, yana cikin masu kisa, ta kuma nuna Mohammed yana lulluɓe Olanna, ya ratsa da ita cikin tarzoma ya kai ta tashar jirgin ƙasa. Ba ta kuma wanke nata ɓangaren ba. Ugwu, yaron gida da mai karatu ya fi ƙauna, da aka tilasta masa shiga sojan Biyafara, ya shiga cikin waɗanda suka yi wa wata yarinya fyaɗe. Wannan shafi yana da ɗaci, amma shi ne gaskiyar yaƙi. Ba jiki kaɗai yake ci ba, har da halin mutumin kirki.

Ta'addanci: mai aike yana gida

Idan muka koma kan ta'addanci, tambayar farko ce ta fi nauyi, wato wa ya aika. Tun a 1907 Joseph Conrad ya rubuta The Secret Agent, bisa wani abu da ya faru a Landan a 1894, lokacin da bam ya tashi da wani mutum kusa da gidan nazarin taurari na Greenwich. A cikin labarin, wani jami'in ofishin jakadanci ne ya umarci ɗan leƙen asirinsa Verloc ya tayar da bam don a ɗora wa wasu laifi. Verloc bai ɗauki bam ɗin da kansa ba. Ƙanin matarsa ya ba wa, Stevie, yaro mai raunin hankali da tausayin dabbobi, wanda ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Stevie ya yi tuntuɓe, bam ya yi kaca-kaca da shi. Da me aka gane shi? Da adireshin gida da yayarsa Winnie ta ɗinka a jikin kwat ɗinsa saboda kada ya ɓata. Ita Winnie ɗin ta bar saurayin da take so, ta auri Verloc, don kawai ƙaninta ya sami wurin zama. Conrad ya ajiye sadaukarwa ta gaskiya da ta jabu a cikin gida ɗaya. Yaya ta ba da rayuwarta don yaron ya rayu, mijinta ya ba da ran yaron don ya tsira da albashinsa.

Jama'a, wannan littafi ya haura shekara ɗari, amma wanda ya zauna a Arewa a shekarun nan ya san Stevie. A watan Disamba na 2014, bayan harin kasuwar Kantin Kwari a Kano, 'yan sanda sun gabatar wa manema labarai wata yarinya 'yar shekara 13 da aka ɗaura wa bam ta ƙi tayar da shi. Ta ce mahaifinta ne ya kai ta wurin 'yan ta'addan. Masu aika irin waɗannan yara suna kiran abin shahada, alhali su suna zaune a maɓoya, suna ci suna sha. Wanda ya karanta Conrad da idon basira ba zai sake ruɗuwa da wannan suna ba.

Marubucin Aljeriya Yasmina Khadra, wanda tsohon hafsan soja ne da ya ga yaƙin basasar ƙasarsa na shekarun 1990, ya ɗauko batun ta wata fuska a L'Attentat na 2005. Amin Jaafari likitan tiyata ne, Balarabe mai takardar zama ɗan Isra'ila, yana aiki a Tel Aviv. Ya wuni yana ɗinke waɗanda harin ƙunar baƙin wake ya raunata a wani gidan cin abinci, cikinsu har da yara. Cikin dare aka kira shi ya duba gawa. Matarsa ce Sihem, kuma ita ce ta kai harin. Sauran littafin neman amsa ne, daga Baitalami zuwa Jenin. Khadra bai ɓoye zaluncin da Falasɗinawa ke ciki ba, ya nuna shi ƙarara. Amma ya bar likitan a kan bakansa, cewa aikinsa ceton rai ne, kuma zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka jinin yaro. Littafin ya fahimtar da mu abin da ya kai Sihem ga haka, ba tare da ya wanke ta ba. Wannan shi ne siraɗin da kowane marubuci a wannan fage zai taka.

Kusa da mu kuma akwai Born on a Tuesday na Elnathan John. Ɗantala almajiri ne da ya faɗa cikin yaran da 'yan siyasa ke haya lokacin zaɓe. Ya gudu Sakkwato, ya sami mafaka a wurin Shaihu Jamal, ya ga yadda mataimakin malamin, Abdul-Nur, ya ɓalle ya kafa ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi. An kashe malamin, sojoji kuma suka kama Ɗantala, wanda bai ji ba bai gani ba, suka azabtar da shi. Darajar littafin ita ce ya nuna ta'addanci ba daga sama yake faɗowa ba. Yunwa da maraici da kuɗin 'yan siyasa da wa'azin ƙiyayya da zaluncin jami'an tsaro, duk suna da hannu.

A nan akwai wata ƙura da ya kamata mu share. Wani zai ce, ai Turawan mulkin mallaka ma sun kira 'yan Mau Mau na Kenya 'yan ta'adda, alhali ƙasarsu suke nema. Gaskiya ne. Mai mulki yakan laƙaba wa duk wanda ya tsaya masa wannan suna. Shi ya sa adabi ba ya dogara da laƙabi, aiki yake dubawa. Albert Camus, a wasan kwaikwayonsa Les Justes na 1949, ya ɗauko wani abu da ya faru a Rasha a 1905. An tura Kaliayev ya jefa bam a keken dokin wani ɗan gidan sarauta, sai ya hango yara biyu a ciki, ya fasa. Gardamar da ta ɓarke tsakaninsa da abokansa ita ce zuciyar wasan. Ma'aunin dai shi ne abin da mutum ya yi da wanda ba ya ɗauke da makami. Mu ma ba baƙon ma'auni ba ne a wurinmu. Kowane ɗalibin tarihin Musulunci ya san wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa, inda ya hana taɓa yara da mata da tsofaffi, ya hana sare itatuwa masu 'ya'ya.

Sadaukarwa: wanda ya koma baya

To, ina sadaukarwa ta gaskiya? Abin lura shi ne, manyan marubuta ba safai suke ajiye ta a hannun mai kirari ba. Sukan ajiye ta inda ba a zata.

Dubi gajeren labarin Chinua Achebe, Girls at War, na 1972. Reginald Nwankwo babban ma'aikaci ne a Biyafara, mai yawan maganar ɗa'a, wanda kuma yake cika bayan motarsa da abincin agaji a gaban mayunwata. Ya haɗu da Gladys sau uku. Da farko yarinya ce mai ɗokin shiga rundunar sa-kai. Na biyu tana binciken motoci a shingen hanya, ba sani ba sabo. Na uku yunwa ta mayar da ita mai bin manya don ta ci. Nwankwo ya raina ta a zuciyarsa, bayan shi ma ya more ta. Da safe suna tafiya a mota suka ɗauki wani soja da aka yanke wa ƙafa. Jirgin yaƙi ya taso, kowa ya fita da gudu. Sojan ya kasa buɗe ƙofa, ya yi ihu. Gladys ce ta juya ta koma. Bam ya same su tare. Achebe bai yi mana wa'azi ba, ya bar mu da kunyar hukuncin da muka riga muka yanke mata. Ba wanda ya aike ta, ba wanda ya yi mata alkawarin komai. Ta ji kukan mutum, ta koma. Ko da sojan bai tsira ba, niyyarta a fili take, so take ya rayu.

A Grain of Wheat na Ngugi wa Thiong'o, wanda ya fito a 1967, ya kawo wani nau'in. Ana shirin bikin 'yancin Kenya na ranar 12 ga Disamba 1963. Mutanen Thabai suna ɗaukar Mugo gwarzo saboda juriyarsa a sansanin tsare mutane, ba su san shi ne ya tona asirin Kihika, jagoran Mau Mau da Turawa suka rataye ba. Zargi ya faɗa kan Karanja, ana shirin kashe shi. Mugo yana iya yin shiru, ya ci girma har ƙarshen ransa. Sai ya miƙe a gaban taro ya faɗi gaskiya, ya san kuma abin da zai biyo baya. Ya ba da sunansa, sa'an nan ya ba da ransa, wani mutum da ba shi da alhakin wannan laifi ya tsira.

A gida kuma, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riga su duka. A zamanin hare-haren kama bayi, an sace Umar yana ƙarami. Mahaifiyarsa ta bar gida ta bi sawunsa, aka kama ta ita ma aka sayar, ta ratsa hamada cikin bauta, har ta kai ga ganin ɗanta, jim kaɗan ta cika. Ba ta riƙe takobi ba, ba a yi mata kirari ba, amma a ganina ita ce jarumar littafin.

Akwai kuma tambayar da ba ta da sauƙi. Christopher Okigbo, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Afirka a harshen Ingilishi, ya ajiye alƙalami ya shiga sojan Biyafara, aka kashe shi a 1967. Farfesa Ali Mazrui na Kenya ya rubuta The Trial of Christopher Okigbo a 1971, inda aka gurfanar da shi a wata kotu ta bayan mutuwa, bisa tuhumar ya fifita ƙabila a kan baiwar da ta kamata ta amfani duniya. Mazrui yana tunatar da mu cewa ko mutum da yardarsa ya tafi, ransa ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai masu haƙƙi a kansa.

Aikin da ke gabanmu

Tun daga rikicin Maiduguri na 2009, abin da muke karantawa a littattafan wasu ya shigo gidajenmu. Ga hare-haren Buni Yadi, Chibok inda aka kwashe 'yan mata 276 a daren 14 ga Afrilu 2014, babban masallacin Kano a watan Nuwamba na shekarar, Dapchi, Bosso da Diffa a Nijar, sa'an nan 'yan bindiga da garkuwa da mutane a Zamfara da Katsina da Sakkwato. An yi rubutu a kai. Adaobi Tricia Nwaubani ta fitar da Buried Beneath the Baobab Tree a 2018, Edna O'Brien ta ƙasar Ayaland ta fitar da Girl a 2019. Abubakar Adam Ibrahim ya nuna tabon rikicin Jos a Season of Crimson Blossoms. Mun gode musu. Amma duka da Ingilishi aka yi su, alhali matar da ke sansanin 'yan gudun hijira da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci take kuka, saurayin da ake farauta kuma da Hausa ake yi masa huɗuba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Marubutanmu da suka iya riƙe dubban masu karatu da littattafan soyayya, a takarda da waya da rediyo, su ne suka fi kowa damar isa ga waɗannan kunnuwa.

Ba mu rasa abin rubutawa ba. A watan Yuni na 2018, a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekaru fiye da 80, ya ɓoye fiye da mutum 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban masu makamai ya hana su shiga. A shekarar dai aka kashe wasu unguwarzoma biyu da aka sace a garin Rann, inda suka je karɓar haihuwar matan da yaƙi ya kora. Ga sojoji da 'yan kato-da-gora da suka bar marayu, ga iyayen da suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa.

Sai dai ina roƙon marubuta abu huɗu. Kada a ƙawata mai kisa har yaro ya yi sha'awarsa. Kada kuma a mayar da shi dodo marar uwa da uba, domin in ba mu ga hanyar da ya bi ba, ba za mu iya tare ta ba. Kada a ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila ko addini. Kada a yi kasuwanci da hawayen waɗanda abin ya shafa. A zauna da su, a saurare su, a nemi izininsu, a sakaya sunayensu.

Kammalawa

Alhaji Abubakar Imam ya san ƙarfin labari tun da daɗewa. A littafi na farko na Magana Jari Ce, Musa ɗan sarki yana ɗaura ɗamara kowane dare zai bi sahun mayaƙa, alhali waziri ya shirya masa tarko a waje. Ba dogari ne ya tsare shi ba, aku ne ya riƙe shi da labari har gari ya waye. A yau akwai dubban samari irin Musa a garuruwanmu, masu zuciya da son a san da su, kuma akwai masu jiransu da tarko. Haƙƙi ne a kanmu, marubuta da malamai da masu buga littattafai, mu ba su labaran da za su koya musu tambaya kafin su amsa kira. Wa ke aike na, shi ina zai tsaya? Na san inda za ni? Wa zai rayu idan na mutu? Saurayin da ya iya waɗannan tambayoyi zai iya kare garinsu idan ta kama, amma ba za a iya ɗaura masa bam ba.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.